Manomin Alkama, Ka Yi Tunanin Gina Tanderu?

Ɗan'uwa manomi, tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a yankin Hadejia a watan Nuwamba 2023, gonakin alkama suka ƙaru daga Auyo har Kafin Hausa, mahaifar Gwamna Umar Namadi. Abin farin ciki ne, don har yanzu mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita. To amma ka san yadda take kasancewa: kowa ya girbe a Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, ɗan sari ya yanka farashi, kai kuma bashin taki da na man injin ban-ruwa na jiranka.

Mafita ɗaya ita ce kada ka sayar da komai ɗanye. Ka ware buhu ɗaya ko biyu, a niƙa, iyalinka su riƙa gasa gurasa ko burodi ana kai wa masu shayi da masu tsire. Sai dai a nan ma akwai tarko. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin dakon itace ya tashi, kuma daji sai ƙara ja da baya yake yi. Tanderun da ke zubar da zafi zai cinye ribar tas. Saboda haka ribar tana ga yadda ka gina shi.

Ka fara da tushe. Yankinmu na ambaliya ne, don haka ka ɗaga dakalin ya kai ƙugu, danshi kada ya hau. Kafin ka shimfiɗa jan bulo a daɓen, ka zuba tokar ɓuntun shinkafa mai kauri. Ita ce za ta hana ƙasa shanye zafin, kuma ɓuntun yana nan jibge a wurin masu casa.

Wajen ɗora rufin mai siffar ƙwarya, ka haɗa bulon da yumɓu da yashi. Kada ka sa siminti inda wuta ke lasa, tsagewa yake yi. A bayansa ka yaɓa laka da aka kwaɓa da ɓuntu, kaurin tafin hannu ko fiye.

Sai ƙofa, inda galibi ake yin kuskure. Masu gina tanderun gasa fiza, wato gurasar Italiya mai cukwi da tumatir, suna sa tsayin ƙofa ya zama wajen kashi 63 cikin 100 na tsayin cikin rufin. In cikin ya kai santimita 40, ƙofa ta zama 25. Ta fi haka, zafi ya gudu. Ta gaza, hayaƙi ya shaƙe wutar.

Kada ka yi gaggawa. Bar shi ya bushe, sannan ka riƙa hura ƙaramar wuta na 'yan kwanaki kafin babba. Ka yi masa rumfa tun kafin damina.

In ya kankama, idan baƙin hayaƙin da ke cikin rufin ya koma fari, zafi ya kai. Kwashe garwashi, fara da gurasa, sai burodi idan zafin ya ɗan sauka, ragowar ɗumin kuma ka gasa gyaɗa ko dankali. Wuta ɗaya, aiki uku.

Shawarata: kafin ka sayi bulo ko ɗaya, zagaya ka tambayi masu shayin unguwarku nawa suke sayarwa a rana, kuma daga ina ake kawo musu. Garin alkamar gida ya fi fulawar kamfani duhu da nauyi, saboda haka ka gwada kaɗan tukuna, ka ji bakin masu saye. In lissafin ya fita, gina ƙarami. Mai girma ya jira baɗi.