Masu Jinya Ma Suna Buƙatar Makwanci

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan masu jinya da ke zuwa Kano daga nesa. Na kawo yayata daga Haɗeja wani babban asibiti, na tarar da mutanen Daura, Gumel, har da Damagaram a harabar, kowa da tabarmarsa da butarsa.

Mai jinya shi ne ƙafar majinyaci. Shi ke bin layin kati, ya sayo magani, ya karɓo sakamakon gwaji. In likita ya ce a ƙara jini, ya shiga neman mai bayarwa a garin da bai san kowa ba. Dare ya yi, sai baranda da sauro, mata ma haka, wasu da goyo. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin adaidaita sahu ya hana da yawa zuwa kwana gidan dangi. Inshorar lafiya kuwa ba ta biyan abincin mai jinya, balle makwancinsa.

Ina kira ga gwamnati, Hukumar Zakka da Hubusi, da attajiranmu su gina masauki kusa da manyan asibitoci, ɓangaren mata daban, da ruwa da banɗaki, ko da za a riƙa biyan ɗan abin da ya sawwaƙa.

Naka,
Mai karatu daga Haɗeja