Bashi Hanji Ne, A Daina Gudun Mai Bin Sa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana 'yan tireda da manoma a kan bashi.

Tun ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da Naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya tashi, kaya suka bi shi. Jarin da ke cika tebur ya koma cika rabinsa, masu cewa "rubuta, sai gobe" kuwa suka ƙaru. To, wa zai ce bai ci bashi ba? Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke kashe mu shi ne ɓoye shi.

Ga misali. Maƙwabcina a kasuwa, mai sayar da manja da garin kwaki, dilansa ya biyo shi Naira dubu 60. Kunya ta hana shi zuwa wurin mutumin. Sai wani yaro ya nuna masa irin bashin nan na waya, ya danna, dubu 40 suka shigo, a biya cikin mako biyu da ruwa a kai. Da wa'adi ya cika, ya ciwo na biyu ya biya na farko. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Rannan sai ga saƙo a wayar duk wanda ke cikin lambobinsa, har da surukinsa, wai shi ɓarawo ne. Sai da awakin matarsa suka tafi kafin ya fita. Daga baya muka raka shi wurin dilan tare da sarkin kasuwa, ko rabin sa'a ba a yi ba aka shirya a kan dubu biyar duk ranar kasuwa. Abin da ya yi wata uku yana gudu ke nan!

Manoma ma haka. Mutum zai karɓi falle a watan Agusta, da kaka ya ba da buhun da ya fi abin da ya karɓa daraja nesa ba kusa ba, kafin bazara rumbu ya bushe, ya sake komawa.

Shawarata ita ce, tun kafin wa'adi ya cika ka je da ƙafarka, ka tafi da dattijo ɗaya, ka faɗi abin da za ka iya biya, a rubuta a gaban shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma a surar nan aka umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Sannan wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka. Jihohi irin su Kano, Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka. Neman haƙƙinka a can ba bara ba ne.

Sai batun tallafin gwamnati. A watan Oktoba na 2023 an ba da sanarwar raba Naira dubu 25 duk wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. Daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ake ɗauko sunaye, a tantance da lambar NIN ko BVN. Ba a sayar da fom. Duk wanda ya ce ka kawo dubu biyu ya sa sunanka, ko ya bugo waya yana neman lambar sirrin katinka, ɗan damfara ne. Kuma kada wanda ya ci bashi da sunan "idan tallafi ya zo zan biya". In bai zo ba fa?

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, wadda ta kai samame ofisoshin wasu masu bashin waya a Legas a 2022, da ta tuna cewa mu ma a karkara muna da waya. Masu kuɗi su fitar da zakka su fara da mabartan da ke unguwarsu. Mu kuma mu riƙe adashinmu da amana, don shi ne bankin da ba ya zagin mutum a gaban surukinsa.

Allah Ya yaye mana wannan ƙunci, Ya ba kowa ikon biya, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani ɗan tireda,
Funtuwa, Jihar Katsina.