Darasin Ƙullin Romo Na 'Yan Sin Ga Matan Kasuwar Cadawa

Duk Alhajin da ya je saro kaya Gwanzu ko Dubai ba ya rasa dawowa da labarin abincin 'yan Sin, waɗanda muke kira Shinuwa. Cikin abin da ake yawan ba da labarinsa akwai wani ɗan ƙullin fulawa da suke kira shiyawlonbaw, wanda idan ka huda shi sai romo mai zafi ya zubo. Ni dai ba daɗinsa ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin gidan abincin da ya fi yin suna a kansa, domin kuwa akwai darasi babba a ciki ga iyayenmu mata masu sana'ar abinci a Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Rumji.

Asalin wannan abinci ana danganta shi da garin Nanshiyan da ke kusa da Shangai, tun ƙarni na 19. Dabararsa kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk macen da ta taɓa dafa ƙafar sa lokacin hunturu, ta wayi gari romon ya daskare. Haka suke yi: a dafa romo har ya yi kauri, a bar shi ya daskare, a yayyanka a haɗa da niƙaƙƙen nama, a naɗe cikin siririn ƙullin fulawa, sannan a turara a kwandon gora. Zafin tururi sai ya narkar da romon a ciki.

Gidan abincin kuwa shi ne Din Tai Fung na birnin Taife, a tsibirin Taiwan. Yang Bing-yi da matarsa ne suka buɗe shi a shekarar 1958, kuma da farko ba abinci suke sayarwa ba, man girki ne. Ana nan sai man gwangwani na kamfanoni ya cika kasuwa, ciniki ya mutu. Maimakon su zauna kukan zamani, a shekarar 1972 sai suka koma sayar da wannan ƙulli. A 1993 jaridar New York Times ta Amurka ta sa su cikin gidajen abinci 10 da ta zaɓa a duniya, a 1996 suka buɗe reshe a Tokiyo ta Japan. Kafin mutumin ya rasu a 2023, rassansa sun wuce 100 a ƙasashe daban-daban.

To, 'yan uwa, wannan labari bai yi kama da namu ba? Jihar Maraɗi da gyaɗa aka san ta, kuma mata nawa ne suka aurar da 'ya'yansu da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli? Yau ga man jarka na waje ya cika shaguna, mai saye kuma sauƙi yake bi. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mene ne sirrin wancan gida? Ma'auni. Kowane ƙulli nauyinsa giram 21, naɗinsa 18, kuma a kan sikeli ake auna shi. Sannan wurin da ake naɗin gilashi ne ya kewaye shi, mai saye yana kallon hannun ma'aikaci. Saboda haka abin da ka ci yau shi za ka ci baɗi, kuma ka ga yadda aka yi shi da idonka. Mutane ba romo kaɗai suke biya ba, har da wannan amana.

Mu ma muna da namu ƙullin, wato ɗanwake: garin wake da na rogo, kuka da kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa, a ci da man gyaɗa da yaji. Ga ƙosai, ga waina, ga kunun aya, ayar da ake nomawa a nan ƙasarmu. Ga kuma babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa Cadawa, motocin Maraɗi, Tasawa da Damagaram suna wucewa dare da rana. Abin takaici shi ne, matafiyi ya ci ɗanwake mai daɗi yau, ya dawo mako mai zuwa ya tarar rogo ya rinjayi wake, ko ƙosan ya ƙanƙance, ko man suya ya yi baƙi ƙirin don maimaici. Daga ranar an yi asarar mai saye, kuma shi zai hana abokan tafiyarsa sauka.

Na san za a ce ai su masu jari ne, mu kuwa na yau muke nema, masu sayenmu ma talakawa ne. Gaskiya ne, to amma abin da nake kira a kai ba ya cin jari mai yawa. Ludayi ɗaya na awo wanda ba a canzawa. Murfi a kan kwano saboda ƙura da ƙuda. Buta da sabulu a gefe. Wuri ɗaya da lokaci ɗaya kullum, yadda direba zai san inda zai tsaya. Idan tiyar wake ta yi tsada, a faɗa wa mai saye a fili cewa na dala 20 ya koma dala 25, ya fi a rage masa a ɓoye. Teburi da robobi masu murfi kuwa, kwasar adashe ɗaya ta isa. Mai yin man gyaɗa kuma, maimakon ta jira mai sayen kwalba, ta yi abincin da man nata ne zai zama abin tallarsa.

Sai kuma jan kunne ga Alhazai da Hajiyoyi masu fatauci. Ainihin shiyawlonbaw da naman alade ake yin sa, romon ma galibi daga fatar alade ne, kuma girkin 'yan Sin yakan ƙunshi giyar shinkafa. Ko an ce na kaza ne, a tambayi da me aka yi romon, a kuma tambayi yanka. A ƙasar Sin akwai Musulmi miliyoyi, gidajen abincinsu suna da alamar halal da suke kira cinjan, kuma a unguwar Shiyawbe ta Gwanzu, inda 'yan Afirka suka saba sauka, suna nan da yawa. Tambaya ba ta ɓata ciniki.

Daga ƙarshe, ina roƙon Alhazanmu da ke iya kashe jaka 10 a zama ɗaya a gidan abincin baƙi, idan sun ga mai ɗanwake ta gyara sana'arta, su biya ta ba tare da ƙorafi ba, su kuma kai baƙinsu wurinta. Wanda ya raina na gida, ba shi da bakin cewa na gida bai ci gaba ba.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.