Garkuwa da Fayil: Ba Kowane Kulle ke da Mabuɗi Ba

Wani irin fashi ya yawaita a duniya wanda mai yinsa ba ya ɗauke dukiyarka daga inda take. Yakan aiko da muguwar manhaja cikin kwamfutarka, ta bi fayilolinka ɗaya bayan ɗaya ta dagula rubutunsu yadda ba mai iya karantawa, sa'an nan ta bar maka takarda cewa in kana son mabuɗi sai ka biya fansa. Jami'o'i ba su tsira ba. A watan Disamba na 2019 aka kulle kwamfutocin Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, hukumarta ta biya wajen Yuro 200,000. A 2020 Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko ta biya fiye da dala miliyan 1 don ta fanshi bayanan makarantarta ta koyon likitanci.

Mun lura cewa da yawa daga cikinmu, ɗalibai da 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, sun sakankance cewa in abin ya auku akwai manhajar da za a sauko da ita daga intanet ta buɗe komai. A ganinmu wannan zato yana da haɗari, kuma ya kamata a san yadda waɗannan manhajoji ke samuwa kafin a dogara da su.

Gaskiya ne akwai su, kuma kyauta ne. A watan Yuli na 2016 'yan sandan Holan, da hukumar 'yan sandan Turai ta Europol, da kamfanonin Kaspersky da Intel Security suka buɗe shafin No More Ransom, inda ake tara manhajojin buɗe fayil. Akwai kuma shafin ID Ransomware, inda mutum zai aika da takardar neman fansar ko fayil guda da aka kulle, a gaya masa irin cutar da ta kama shi. Amma fa galibin manhajojin iri guda na cutar suke warkarwa, wani lokaci ma zubi guda na wannan irin.

Dalili kuwa shi ne, lissafin da ɓarayin ke kulle fayil da shi, shi ne wanda bankuna ke tsare kuɗin jama'a da shi. In an yi shi daidai, babu gwanin da zai fasa shi, ko da zai tara kwamfutocin duniya. Saboda haka ba a samun mabuɗi sai ɓarawon ya yi kuskure, ko hukuma ta ƙwace na'urorinsa, ko shi da kansa ya saki.

Kuskuren ɓarawo ya daɗe yana ceton mutane. A 1989 wani masanin ilmin halittu, Joseph Popp, ya aika da faifan kwamfuta kimanin 20,000 ta gidan waya da sunan bayani kan cutar ƙanjamau, yana neman dala 189 a aika wani akwatin gidan waya a Panama. Sunayen fayil kawai manhajarsa ta dagula, ba a jima ba aka warware ta. A watan Mayu na 2017 kuma, da WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150 har ta tsai da aiki a asibitocin Ingila, waɗansu masana a Faransa suka gano cewa lambobin da ake haɗa mabuɗin da su sukan saura a ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sai dai da sharaɗi: kada a ce an kashe ta an sake kunnawa. Wanda ya firgita ya zare waya daga bango, shi ke nan ya goge mabuɗinsa da hannunsa.

Ta hanyar hukuma, a 2014 aka ƙwace rumbun mabuɗan CryptoLocker aka raba wa waɗanda abin ya shafa. A watan Janairu na 2023 hukumar FBI ta Amurka ta bayyana cewa ta yi watanni a ɓoye cikin na'urorin gungun Hive tana kwasar mabuɗai. Masu TeslaCrypt kuwa, a 2016 suka daina sana'ar suka saki babban mabuɗinsu. Duk wannan sa'a ce, sa'a kuwa takan zo bayan wata shida ko shekara biyu, ranar da za a miƙa kundin bincike ta wuce tuntuni.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne cutar da ake kira STOP ko Djvu. Ba ta neman manyan kamfanoni. Cikin manhajojin sata take ɓuya, irin waɗanda ɗalibi ke saukowa da su don ba shi da kuɗin sayen na asali, ya kuma ba abokinsa a filashi. A da takan nemi dala 980, ta rage zuwa 490 in an tuntuɓi masu ita cikin kwana 3. A 2019 kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar buɗe ta, amma a zubin da suka biyo baya ba ta yin aiki sai in cutar ta kasa tuntuɓar iyayen gidanta lokacin da take kullewa, ta yi amfani da mabuɗin da ta zo da shi. In kwamfutar na kan intanet a lokacin, to, mabuɗin naka ne kai kaɗai, kuma yana hannun ɓarawo. Abin takaici, a 2020 har aka sami wata manhaja da ke yin shigar maganin STOP, wanda ya sauko da ita sai ta sake kulle masa fayilolin a kan kullen farko.

Ko biyan fansar ma ba tabbas. NotPetya ta 2017 ta nemi kuɗi alhali ba ta tanadi hanyar buɗewa ba sam. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kusan dala miliyan 4.4 a 2021, mabuɗin da aka ba shi ya yi ta jan ƙafa har sai da ya koma ga kwafin da ya ajiye tun farko.

Don haka muna kira ga wanda abin ya sama da ya raba kwamfutar da intanet nan take, kada ya goge fayilolin da aka kulle ko takardar fansar, domin mabuɗi na iya fitowa daga baya, kada kuma ya amince da wata manhaja sai daga shafin da aka sani. Ga sauranmu, kundin bincike da takardun ofis su zama suna da kwafi a wuri biyu, ɗaya a faifan da ake zarewa a ajiye cikin akwati, don wanda aka bari a jone tare za a kulle su. Hukumomin jami'o'i da ma'aikatu kuma, waɗanda ke riƙe da sakamakon jarrabawa da lissafin albashi da fansho, muna roƙonsu su riƙa gwada dawo da bayanai daga kwafinsu aƙalla sau ɗaya a kowane zango, su kuma sayi lasisin manhajoji a dunƙule domin ɗalibai su daina bin na sata.