Gubar da ba a fassara mana ba

Ƴan uwa, ku duba ƙaramin batirin cajin tocilarku. In kun ga Ni-Cd, fallen nikel ne da na kadmiyom aka naɗe kamar tabarma, da ruwan sinadari tsakani. Yana ɗaukar caji sau ɗaruruwa, na yarda. Amma kadmiyom guba ne, yana cin ƙoda da ƙashi. Tarayyar Turai ta yi dokar taƙaita shi tun 2006. Mu kuwa a Agye, Gazawa da Gidan Rumji, in ya mutu sai bola, bolar kuma a kwashe ta taki zuwa gonar gero. Gargaɗin da ke jikinsa ba da Hausa yake ba. Haba! Mu ƴan lakwal, mu faɗa ranar kasuwa: mataccen batir a ware shi, kada ya shiga taki.