GARIFUNA SUN ƘI A MANTA DA SU

Ran 25 ga Maris, 1990, wani mutum ya cinna wa wani gidan rawa wuta a unguwar Bronx ta birnin New York, a ƙasar Amurka. Mutum 87 suka halaka. Galibinsu baƙi ne daga ƙasar Honduras, da yawa cikinsu kuwa 'yan wata kabila ce da ake kira Garifuna. Sai ran nan mutanen birnin da dama suka fara jin wannan suna, alhali Garifuna sun daɗe a tsakaninsu suna ƙodago. A ganinmu abin kunya ne a ce ba a san da zaman jama'a ba sai an zo ƙirga gawarwakinta.

Kakannin Garifuna mutanen Afirka ne da suka kuɓuta daga bauta, suka zauna a tsibirin Sen Binsent, suka yi auratayya da 'yan ƙasa, watau Karib da Arawak. Turawan Ingila suka ci su da yaƙi a 1796, suka tsare fiye da mutum 4,000 a wani ɗan tsibiri, inda cuta ta kashe kusan rabinsu. Waɗanda suka saura aka sauke su a tsibirin Roatan ran 12 ga Afrilu, 1797. Daga nan suka bazu a gaɓar tekun Honduras da Beliz da Gwatamala da Nikaragwa, suna su, suna noman rogo.

To, me ya sake tashinsu? Ƙasa ce. Masu gonakin kwakwar manja da masu gina masaukan 'yan yawon shaƙatawa sun yi ta cin filayensu, guguwar Mitch ta 1998 kuma ta rushe musu garuruwa. Wanda ya rasa gona da wurin su, ina zai zauna? Sai ya kama hanyar arewa, ya ratsa Meziko, wani lokaci bisa rufin jirgin ƙasa na kaya.

In ya isa Amurka sai wata sabuwar wahala ta tarye shi. Baƙar fata ne, amma yana jin Sifananci, harshen gidansu kuma dabam. Akawun asibiti ya dube shi, ko dai ya rubuta shi cikin baƙaƙen Amurka, ko cikin masu jin Sifananci. Kowane akawu ya san sunan da bai shiga rajista ba, ba ya shiga kasafi. Saboda haka da wuya hukuma ta san yawan masu ciwon sukari ko hawan jini ko ƙanjamau cikinsu, balle ta tanadar musu tafinta. Wanda ba shi da takardar zama kuwa tsoron asibiti yake yi, sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, mutanen nan ba su naɗe hannu ba. Sun san in ba ka yi kuka ba, ba mai sanin kana ciwo. A 1978 suka kafa ƙungiyar OFRANEH a Honduras don tsare ƙasarsu da haƙƙinsu. A 1992 wata 'yar kabilar, Mirtha Colon, ta jagoranci kafa ƙungiyar yaƙi da ƙanjamau a Bronx, ana yi wa jama'a gargaɗi da harshen da suke ji. A 2007 Likita Luther Castillo, wanda ya yi karatu a Kyuba, ya buɗe asibiti a ƙauyen Ciriboya, 'yan gari ne suka gina da hannunsu. A 2015 kuma Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasashen Amurka ta ba garuruwan Triunfo de la Cruz da Punta Piedra gaskiya a kan gwamnatin Honduras, ta ce a shata musu ƙasarsu.

Amma fa hukunci a takarda dabam, cika shi dabam. Shekaru suka wuce ba a gama shata ƙasar ba. Cikin Yuli, 2020, wasu masu bindiga da kayan 'yan sanda suka shiga Triunfo de la Cruz da asuba, suka tafi da shugaban garin, Snider Centeno, da wasu mutanensa. Aka yi ta cigiya, shiru.

Shawararmu guda uku ce. Ta fari, gwamnatin Honduras ta cika hukuncin kotu, ta kuma bayyana abin da ya sami waɗanda aka sace, gama maganin ƙaura yana gida. Ta biyu, asibitocin ƙasashen da suke bi da waɗanda suke sauka su rubuta Garifuna da sunansu, su nemo tafinta daga cikinsu, su yi wa majinyaci magani ba tare da an fara tambayarsa takarda ba. Ta uku, duk hukumar da ke nufin taimako ta bi ta hannun ƙungiyoyinsu, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Muna roƙon malaman makaranta su ba almajiransu wannan labari. Allah ya bi wa raunana haƙƙinsu, amin.