Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓe Kuɗi

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, a gafarce ni in na taka wani, amma maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kowace shekara sai mun yi Makon Hausa, mu sha manyan riguna, mu kafa huluna, a hau mumbari a yi ta kirarin sana'o'inmu na gargajiya. To, a cikinmu wa ya taɓa tsayawa ya tambayi nawa aka biya wadda ta ɗinka hular da ke kansa?

Ni dai na tambaya, don a gidanmu ake yi. Gwaggona ta fi shekara 20 tana ɗinkin hula. Wani mutum ne ke aiko mata da ƙyalle an riga an yi zane, da zare, ita kuwa ta duƙufa da allura. Hula mai cikakken aiki takan ci mata mako biyu. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, wato wajen naira 2,300 ke nan a yini. In aka bi wannan lissafi, ladan kwana 14 ya haura naira 32,000. Abin da ake miƙo wa Gwaggo bai kai na kwana huɗu ba. Yanzu ga shi sai jikarta ta zura mata zare a allura, don ido ya fara tafiya.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai ba yini take yi tana ɗinki ba, tana girki, tana raino. To, na yarda, a raba lissafin biyu. Har yanzu da sauranta. Za a kuma ce mai ba da aikin shi ya zuba jari, shi ya biya mai zane da mai wankin hula, shi ke zaman kasuwa. Wannan ma gaskiya ne, ba wanda ya ce kada ya ci riba. Amma ciniki ba ya zama ciniki sai kowa ya san abin da ake ciki. Shi ya san kuɗin hula a Kantin Kwari, ita kuwa tana cikin gida, yaro ne ɗan aikenta. In ta ce albarka, gobe aikin ya koma maƙwabta. Wannan ba ciniki ba ne, cin ƙwan makauniya ne.

Kada kuma a zaci abin yau ya fara. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da masaƙa da marinan Kano suka yi suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa, ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita, da ta isa Turai sai aka raɗa mata suna fatar Maroko. Ka ji fa! Ba ribar kaɗai aka tafi da ita ba, har da sunan. Yau ma fatun da ake jemewa a Sharaɗa da Challawa Italiya da Sifen suke nufa, a yi jaka da takalmi a manna musu sunan wani kamfani, alhali badukun da ke cikin birni yana neman fatar kirki ta gagare shi saya.

Amma bari in bar Turawa, in dawo kanmu, don laifinmu ya fi ciwo. Ɗalibin da zai shiga kanti ya biya kuɗin takalmin waje bai ce uffan ba, shi ne zai tsaya gaban baduku ya taya rabin kuɗi, ya juya kamar zai tafi, har sai bawan Allah ya sallama don kada ya koma gida hannu wofi. Sa'an nan ya dawo ɗaki yana alfahari wai ya iya ciniki. Mu kuma na Sashen Hausa mun ƙara da wani salo: mu je Ƙofar Mata da littafi da biro, mu tsare marini yini guda da tambayoyi, mu rubuta kundi mu sami digiri, shi kuwa ko kuɗin goro bai gani ba, balle a kai masa kundin ya ga sunansa.

Saboda haka a taron ƙungiya mai zuwa zan kawo shawara. Duk kayan da za a baje a Makon Hausa, daga hannun mai yi za a karɓo, a rubuta sunansa da kwanakin da aikin ya ci, shi kuma ya yanka kuɗinsa, ba tayi. Malamai kuma su ƙi karɓar kundin da bai nuna abin da ɗalibi ya saka wa masu sana'ar da shi ba. Wanda ke da ja, ya zo ranar da hularsa a hannu, mu ƙirga kwanakinta tare.